Ranar da Rundawa Suka Zo Ɗaurin Aure

Gidanmu gidan jima ne. Mahaifina majemi, kakana majemi, kuma duk wanda ya ratsa bayan unguwarmu a Sakkwato ba sai an gaya masa ba, hancinsa zai sanar da shi. Tsakanin ramukan toka da ruwan bagaruwa na tashi, hannuwana sun rine tun ban san kaina ba. Amma mahaifina ya so in yi karatu, sai ya kai ni wurin wani dattijon malami kusa da Hubbare. Da dattijon ya rasu, babban ɗansa ya gaji zauren, na ci gaba da ɗaukar karatu a gabansa. Shi ne zan riƙa kira Malam.

Malam yana da ƙanwa bazawara. Mijinta na cikin waɗanda suka faɗi ranar da Nasara suka shigo gari, ta dawo gidansu ta yi takaba ta gama. Mace ce mai karatu. Wata rana ta aiko wata tsohuwa ta gidansu tana son jar fata mai laushi da za a ɗinka wa Alƙur'aninta gafaka. Na zaɓi fatar akuya na jeme da kaina, na kai. Daga nan muka fara gaisawa a soron ciki, tsohuwar na zaune gefe tana kaɗi. Ba mu daɗe a haka ba ta ce mini, "In da gaske kake, turo manyanka."

Mahaifina da baffana suka sa rigunansu na Juma'a, suka ɗauki goro suka tafi. Baffana ne ya ba ni labari da suka dawo, don mahaifina ya shige ɗaki ya ja ƙofa. Ya ce Malam ya saurare su har suka gama, a gaban ɗalibai da maƙwabta, sannan ya tura musu goron da bayan hannu ya ce, "Yaronku ɗalibina na, kuma yana da ƙoƙari. Amma ƙwarya ta bi ƙwarya. Mu gidan alƙalami muke, ba mu taɓa gama jini da masu wari ba."

Duk da haka washegari na ɗauki littafina na nufi zauren, ina gaya wa kaina karatu daban aure daban. A ƙofar gida na tarar da baran Malam yana dirje tabarma da ruwa da toka. Na tambaye shi abin da ya zuba a kanta. Ya ce ba abin da ya zuba, wadda baƙin jiya suka zauna ce, Malam ya ce a wanke. Na juya, ban sake taka zauren nan a matsayin ɗalibi ba. Bayan kwana biyu na hangi mahaifina a bayan gida, yana tsammanin ba mai ganinsa, yana shinshina hannun rigarsa. Wannan ya fi maganar Malam ci mini rai.

A lokacin ina kai fata bariki, wurin wani Baindiye da Nasara suka zo da shi yana gyara musu sirada da kayan alfadarai. Dogo ne, da rawani ɗaure tsaf, gemunsa a nannaɗe, da awarwaron ƙarfe a hannun dama. Ba ya aski, ba ya shan taba, ba ya cin yankanmu. Da farko mun ɗauka Musulmi ne saboda rawanin, ya ce a'a, su Sik ake ce musu. Hausarsa gwaranci ce amma ana ganewa, kuma ya san fata kamar a majema aka haife shi. Ranar da ya ga na kawo kaya ban ko tsaya ciniki ba, ya ajiye basilla ya tambaye ni abin da ya same ni. Na gaya masa.

Ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce shi ma ɗan masu fata ne. A ƙasarsu, in ji shi, kowa da gidan da aka haife shi, kuma masu fata su ne can ƙasa, ko rijiya ba a haɗawa da su. Kakansa ya shiga addinin Sik ne don malaman addinin sun ce ba babba ba ƙarami. A ɗakin ibadarsu ana dafa abinci, mai gona da mai fata su zauna layi ɗaya a ƙasa su ci. Na ce mu ma sahu ɗaya muke salla, kafaɗa da kafaɗa. Ya yi dariya ya ce, "To, aboki, nemi ɗiyar wanda ke gefenka."

Ya ce ya shiga soja ya sami igiyar muƙami, ya koma garinsu da kaki, ya nemi ɗiyar wani mai gonaki, Sik ɗan'uwansa. Suka tsayar da shi a waje, ya roƙi ruwa aka ba shi a kaskon ƙasa, yana gama sha uban yarinyar ya fasa kaskon a gabansa. Da kaka ta yi ya cinna wa tarin alkamarsu wuta, ya gudu, kuma tun ranar bai sake ganin mahaifiyarsa ba.

"Wuta ta mutu kafin safe," in ji shi. "Shekara ta zagayo sun shuka wata. Ni ne nan ina ɗinkin sirdi a ƙasar da ban san sunanta ba da. In za ka rama, kada ka yi irin tawa. Nemi abin da ba ya mutuwa."

Na riƙe maganar nan. Shekaru suka wuce ban sami komai ba, ban kuma huce ba. Kasuwar fata ta buɗe saboda Turawa na saye, na fara fita ƙauyuka ina tattaro ɗanyar fata daga hannun mahauta, waɗanda mu a nan muke kira rundawa. A wata kasuwa ta ƙasar Gobir na sauka gidan sarkin fawa, tsoho mai fara'a da son hira. Da ya ji daga unguwar da na yi karatu, sai ya gyara zama ya ce ai suna da jini a can. Ƙanin mahaifinsa ne ya ajiye wuƙa tun yana saurayi, ya bi wani malami, ya ƙare a Sakkwato har ya auri ɗiyar malaminsa. Ya faɗi sunan mutumin, ya faɗi sunan ɗansa. Ɗan nan shi ne dattijon da ya fara koya mini karatu, mahaifin Malam.

Ban nuna komai a fuska ba. Na ce ko suna zumunci. Ya ce dattijon, Allah ya jiƙansa, bai taɓa zuwa ba, amma duk shekara yana aiko masa da riga ta hannun wani falke. Da ya rasu, ɗansa ya aiko a gaya musu rasuwar, daga nan aike ya yanke. Ashe Malam ya sani. Ranar da ya tura wa mahaifina goro da bayan hannu, ya san shi kansa jikan barunje ne, jinin mahauta.

Na iya komawa gari in baza maganar a kasuwa, amma da sai a ce haushin hana ni mata ne. Na yi shiru na ci gaba da kai wa tsohon tsaraba duk sa'ad da na je. Ina jira.

Damar ta zo da aka sa ranar auren babban ɗan Malam da ɗiyar wani babba a majalisar alƙali, gidan da ke ƙidaya kakanninsu har zamanin jihadi. Kowa ya san da wannan aure Malam yake son shigar da ɗansa aikin shari'a. Na ɗaura wa jakina kaya na tafi Gobir. Ban yi wa tsohon ƙarya ko ɗaya ba. Na ce, "Baba, jikan ɗan'uwanka zai yi aure. Zumunci a ƙafa yake. In sun manta hanya, ku kun san ta." Tsohon ya yi murna har da ƙwalla. Ya tara 'ya'yansa da jikokinsa, suka zaɓi bijimi mai tozo, suka kira makaɗan kalangunsu.

Ranar ɗaurin aure da hantsi, ƙofar gidan uban amarya ta cika da manyan riguna. An shimfiɗa goro, waliyyai sun matso, liman ya gyara murya. Sai ga kalangu daga kan kwana, ana kaɗa taken mahauta, wanda ko yaro a garin nan ya san shi. Samari na riƙe da bijimi da igiya gaba da baya, wuƙaƙe a ƙugu, tsohon na gaba cikin riga ta ƙarshe da dattijon ya aika masa. Mutane suka dare suna tsammanin wani ne ya yi hayar su. Ni na nuna masa Malam da hannu, sannan na ja baya na jingina da bango.

Tsohon ya tafi kai tsaye ya kama hannun Malam da hannu biyu. "Ɗan ƙanena," ya ce, "kamar an tsaga kara da ubanka. Ga danginka sun zo, ga sa mun kawo wa jikanmu."

Kalangu ya yi shiru. Uban amarya ya dubi tsohon, ya dubi wuƙaƙen, ya ce, "Malam, wane na wannan?"

Malam ya kau da kai. Tsohon ya ɗauka kunya ce ta ƙarami a gaban babba, sai ya taimake shi. Ya jero kakanni ɗaya bayan ɗaya, wane sarkin fawa ya haifi wane sarkin fawa, har ya sauko kan wanda ya ajiye wuƙa, da dattijon, da Malam. Ya kama bakin rigarsa ya nuna wa jama'a, ya ce aiken marigayi ne. Wani tela a cikin taron ya ce lallai ɗinkinsa ne, ya tuna marigayi na sa shi ɗinka riga duk shekara wadda ba a taɓa ganinta a jikinsa ba.

Uban amarya ya sake tambaya, a hankali. "Ka san su ko ba ka san su ba?"

Da wani ne da ya rantse. Malam bai iya ƙarya a gaban liman da Fatiha a bakinsa ba, wannan kam na shaide shi. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Na san labarinsu."

Uban amarya ya sa aka tattara goron, ya ce a dakata sai sun yi shawara a cikin gida. Shawarar nan ba a gama ta ba har yau. Da jama'a suka fara watsewa, Malam ya ɗago ido ya gan ni. Na rusuna kamar yadda ɗalibi ke yi, na ce, "Allah gafarta Malam, an taru lafiya?" Na yi shekaru ina tunanin abin da zan ji a wannan lokaci. Sanyi na ji, irin na wanda ya sha ruwan randa bayan doguwar tafiya.

Ba wanda ya ce wa baƙin ga wurin zama. Tsohon ya tsaya a tsakiyar fili yana waige-waige, sai a lokacin ya gane ba a maraba da su. Na tafi da su gidanmu. A majema aka kayar da bijimin, unguwa duka ta ci. Mahaifina, wanda ya daɗe ba ya zama cikin taro, ya fito ya zauna kusa da tsohon, ya ci har ya nemi ƙari.

Baindiyen ya zo da la'asar, aka ba shi tuwo da miyar da ba nama. Na ba shi labari tun daga farko, ya yi ta dariya yana buga cinya. Can ya dubi tsohon da ke zaune gefe, ya ce, "Wannan fa, me ya yi maka?" Na ce bai yi mini komai ba, kuma ba ni na ƙi shi ba. Ya ce, "Haka ne. Amma da sandarsu ta raina asali ka doke su." Na ce ita ce sandar da ke kusa. Ba a jima ba aka mayar da shi kudu tare da alfadaran, ban sake jin duriyarsa ba.

Ƙanwar Malam, wadda a lokacin tana auren wani ɗan kawunsu na wajen uwa, ta aiko tsohuwar gidan da saƙo. Ta ce a gaya mini kakan da na tona nata ne ita ma, kuma mijinta ya fara yi mata gori. Na ce a gaya mata ranar da aka wanke tabarma tana cikin gidan, ban ji ta ce komai ba.

Na raka rundawa har gida. A hanya na gaya wa tsohon dalilina duka, don ban so ya ji a bakin wani. Da na gama, ya ce, "Da ka faɗa mini tun farko, da na zo da sa biyu." Kafin shekara ta zagayo na nemi jikarsa, ya ba ni ba tare da ya tambayi warin gidanmu ba. Ita ce uwar 'ya'yana.

Ta haka na zama surukin Malam ko yana so ko ba ya so. Ɗalibai suka ragu a zaurensa, ya koma gonarsu ta wajen Runjin Sambo, wadda a lokacin daji ce da 'yan bukkoki, sai Juma'a yake shigowa gari. Duk Juma'a nakan jira shi a ƙofar masallaci in ce, da ƙarfi yadda na kusa za su ji, "Malam, ɗiyarka na gaishe ka, jikokinka na gaishe ka." Yakan ce yana amsawa, idonsa na kan takalmansa. Ban fasa ba sai da ƙafa ta hana shi zuwa.

Da ya rasu na je jana'iza da 'ya'yana maza. Bayan an dawo daga maƙabarta, dangi suka jeru a ƙofar gida don karɓar gaisuwa. Na wuce na zauna a cikinsu, kusa da babban ɗansa. Ya dube ni, ya dubi yaran, ya matsa mana. Mutane suka riƙa zuwa suna miƙo mini hannu suna cewa Allah ya ba mu haƙuri, ina amsawa.