Kanwar da na zuba a filin jirgi

Jikana, ɗan ɗiyata ta biyu, ya same ni bayan la'asar ya ce so yake ya shiga soja ya tuƙa jirgi mai saukar ungulu. Shekararsa goma sha shida. Uwarsa ta turo shi don in hana shi, shi kuma ya zo don in goya masa baya.

"Tsoho, kai da ka yi aikin filin jirgi, ba ni shawara."

"Aikin fili na yi, ban ce maka na taɓa tashi ba."

"Ai shi ya sa ka kai wannan shekaru," in ji shi, yana dariya.

Ban ba shi amsa ba a ranar. Ni mutum ne da sai na juya magana sau da yawa kafin in furta ta, in na furta kuma in dawo ina tunanin ko na faɗa daidai. Shi ya sa na zauna na rubuta.

A shekarun alif ɗari tara da talatin da wani abu, ina da shekarunsa, na fito lakwal, wato makarantar boko, a Gure, na iya karanta takardar waya da ɗan Faransanci na amsa tambaya. Akwai fili a bayan gari inda jiragen soja ke sauka su sha mai in sun taso daga Damagaram za su gabas. Wani lokaci sai a yi wata biyu ba a ji ƙararsu ba. Wani sarjan, mutumin Kelle, shi ke kula da filin, ni kuma ya sa ni cire ƙaya da gidan gara, da hura hayaƙi don matuƙi ya ga inda iska ta nufa. Babban aikina shi ne shafa farar ƙasa a wata babbar da'ira da ke tsakiyar fili, wadda da ita matuƙi ke auna saukarsa.

Sarjan ya ce mini in na shekara ba kuskure zai yi magana a kai ni Damagaram wurin masu wanke injin jirgi. Ban taɓa jin an ba irinmu tuƙi ba a lokacin, amma na ce a raina in dai na taɓa injin, sauran na Allah ne. Ba ni da wani buri sai wannan.

Damina ta wanke da'irar. Farar ƙasa ta ƙare, raƙuman da za su kawo wata ba su iso ba. Kullum in je in tsaya ina kallon da'irar tana dushewa, a ganina wannan ma kuskure ne da za a ɗora mini. A ƙasarmu kuwa kanwa ba abin nema ba ce. Na karɓo garin farar kanwa buhu biyu a wurin kawuna na zuba. Ta yi fari fat. Sarjan ya gani ya yaba, ni kuma ban gaya masa kanwa ce ba.

Ni da kakannina makiyaya ne, na manta da shanu. Lokacin kaka ne, garkuna suna saukowa daga arewa da kwaɗayin kanwa. Kwana uku da zubawa na tarar da garke guda a kan da'irar, suna lasa, suna tono da kofato. Kafin mu kore su, ni da mai su, wani tsoho mai farin rawani, sun bar ramuka, wasu har ƙwauri. Na ɗebo rairayi na cike, na share da tsintsiya, na barbaɗa toka a sama. Ban zuba ruwa ba, ban daddaɓe ba, don kada wani ya gan ni ya tambaya. Daga nesa ba ka cewa an taɓa wurin.

Bayan kwana biyu waya ta zo cewa jirgi zai sauka da hantsi. Ni na karanta wa sarjan ita da bakina.

"Fili lafiya?" ya tambaya.

"Lafiya lau, sarjan."

Da safe na hura wuta na ɗora ɗanyen ganye, hayaƙi ya miƙe ya karkata yamma. Na faki ido na je na taka da'irar. Ƙafata ta nutse har idon sawu. Na dawo wurin wuta ina ce wa kaina ƙila ya sauka gaba da wurin, ƙila tayarsa ta bi tsakanin ramukan, ƙila jirgi bai kai nauyin da nake zato ba. Tsohon nan yana gefe, gardi, dogaran gwamnati, sun tsare masa shanu don kada su shiga fili. Ya matso ya yi ƙasa da murya.

"Ɗan lakwal, shanuna na gaishe ka. Sun ce yaushe za a ƙara?"

A daidai lokacin na ji ƙarar, can ƙasa-ƙasa daga yamma. Sarjan yana gyara hula. Na san in na yi magana Damagaram ta wuce ni. Na ƙirga har goma, na sake ƙirgawa, ƙarar tana ƙaruwa, sai na ji kaina ina cewa:

"Sarjan, akwai rami a da'ira. Kanwa na zuba, shanu suka tona, na rufe da rairayi."

Na rufe ido ina jiran mari. Bai mare ni ba.

"Ina? Nuna mini da ƙafarka."

Muka ruga. Na taka nan, na taka can, yana kallon yadda nake nutsewa. Alamar hana sauka farin ƙyalle ce da ake gicciyewa a ƙasa, amma ƙyallen yana bariki, ba mai kaiwa ya dawo. Sarjan ya juya ya daka wa tsohon tsawa.

"Baba, rawaninka!"

"Af! Buhu biyu muka sha, ai rawani ba komai," in ji tsohon, yana warwarewa.

Da rawaninsa da na wani mai raƙumi muka gicciye da'irar. Iska tana ɗaga bakin ɗaya, ba dutse kusa, sai na durƙusa a kai na danne da gwiwa. Jirgin ya taho kaina tsaye. Na ga tayoyinsa, na ga kan mutum da manyan tabarau ya leƙo. Sai ya ɗaga ya wuce, ƙasa ta cika mini baki.

"Zai koma?" na tambaya.

"Da wane mai? Mansa na nan cikin gangunanmu."

Sau uku ya kewaya. Sarjan yana gudu a gefen arewa yana kaɗa hula, inda ƙasa ke da tauri amma wurin gajere ne, ƙarshensa ƙaya. Nan ya sauka. Ya yi tsalle sau biyu, fiffike ɗaya ya kusa taɓa ƙasa, ya tsaya bai fi taku goma da ƙayar ba.

Matuƙin yaro ne, bai girme ni da yawa ba. Ya cire tabarau ya tambayi dalili. Faransancin sarjan na fareti ne kawai, sai ya tura ni gaba.

"Kai ne ɗan lakwal. Faɗa masa."

Haka na fassara laifina da kaina. Ya je ya danna takalminsa a da'irar, ya ga yadda ya nutse. Sannan ya tambaye ni tun yaushe na sani. Na ce kwana biyu. Ya dube ni, ya dubi jirginsa, ya tafi wurin ganguna. A makon nan sarjan ya karɓe filin ya ba wani. Ba a sake yi mini maganar Damagaram ba, ni ma ban tambaya ba.

To, jikana, lissafi da lafiyar ido malamanka za su faɗa maka, sun fi ni sani. Ka ce mini naka jirgin ba ya bukatar fili, a ko'ina yake dira. Na ji. Amma wani ne zai ɗaure masa ƙusa, wani zai zuba masa mai, kuma cikinsu akwai mai tsoro irina. Kada ka zama wanda ake jin tsoron faɗa wa gaskiya. Ka san sunayensu, in ka tambaye su lafiya suka ce lafiya lau, ka ɗan tsaya ka sake tambaya. In kuma kai ne ka ɓata abu, ka faɗa a ranar. Da na faɗa ranar da na kori shanun, tulun ruwa kaɗan da mutum huɗu sun gyara wurin kafin azahar.

Uwarka za ta ji haushina, amma ban hana ka ba. Ka kai mata wannan takarda ta karanta, sannan ka dawo mini da ita, akwai wurare biyu da nake so in sake dubawa.