Noeline da Tsakuwar Hanyar Tudu

Tun gari bai gama wayewa ba Noeline Garvie take fitowa. Daga watan Mayu har Satumba, lokacin sanyinmu a nan kudancin duniya, abin da take fara yi shi ne ta goga tafin takalminta a kan simintin ƙofar gida, ta ji ko ƙasa ta daskare. In ya riƙe, sai ta koma ta sha shayinta a zaune. In ya zame, a tsaye za ta shanye shi, ta nufi bayan ɗakin taro inda tifar hukuma take kwana, ta kankare ƙanƙarar da ke kan gilashi, ta loda tsakuwa da tsohuwar tarakta, ta riga motar 'yan makaranta hawa titi, tana watsa tsakuwar don kada taya ta zame. Duk wanda ya taso a ƙauyenmu Tarnbrae ya san ƙarar tsakuwar nan tana watsuwa a kan ƙanƙara, kamar ana sheƙar hatsi a nesa.

Ba sanyi ne kaɗai aikinta ba. Lokacin zafi ita ke yanke ciyawar maƙabarta, ita ke wanke banɗakunan bakin kogi in masu yawon hutu sun tafi. A watan Afrilu ita ke yashe magudanan da ganye ya toshe. Ita kaɗai ce ma'aikaciyar hukumar gunduma a ƙauyen nan, don haka duk wanda hukuma ta ɓata masa rai, ita yake tarewa a kanti. Shekara ashirin da ɗoriya tana amsa laifin mutanen da ko shayi ba ta taɓa sha da su ba.

Kowa a nan ya san matsalar kasafin sanyi. Shekarar kuɗi ta hukuma a ƙarshen Yuni take ƙarewa, daidai lokacin da ƙanƙara ta fara cizo, sai sanyin farko ya tarar da asusu ya kusa bushewa. Da haka Noeline ta saba. Amma shekara biyu da suka wuce, wani jami'i ya zo ɗakin taro, mutum mai tausasa murya, da alama shi ma a gajiye yake. Ya ce ambaliya ta cinye gada a wani gari, gyaranta ya lashe abin da aka ware. Ya ce daga yanzu babban titi da hanyar makaranta kawai za a riƙa watsa wa tsakuwa. An cire Hanyar Tudu, kuma tifar hukuma ba za ta sake hawa can ba, domin inshora ba za ta ɗauki nauyin haɗarin ba.

Gida uku ne a Hanyar Tudu. Biyu na masu zuwa hutu ne, a rufe suke duk sanyi. Na ukun, can ƙarshe, na Baba Alick Renwick ne da matarsa Beryl. Tsufa ya rikita Beryl. Ba ta gane 'ya'yanta kullum, amma ta san inda cokali yake a ɗakin girkinta, ta san tagar da rana ke shigowa. Nas ce ke hawa kowace safiya ta yi mata wanka ta ba ta magani. 'Yarsu Heather, wadda ke zaune a birni, ta daɗe tana cewa su sauko. Gidan kula da tsofaffi da ta samo kuwa raba su zai yi, Beryl a ɓangaren da ake kullewa, Alick a wani gini dabam.

Heather tana wurin taron. A bakin ƙofa ta tare Noeline, idonta ya yi ja, ta ce ba mugunta take yi ba, amma ba za ta zauna tana jiran a kira ta a ce motar nas tana cikin kwari ba. Ranar da nas ta kasa hawa saboda ƙanƙara, ranar za ta zo da mota ta kwashe su.

Noeline ba ta yi mata alkawarin komai ba. Ta dai tambaye ta ƙarfe nawa nas ɗin ke wucewa.

In sanyi ya saki gari, a watan Oktoba, akan share tsakuwar da ta taru a gefen titi don kada ta kayar da masu babur. Sharar nan haɗe take da laka da kashin tumaki, kuma shekara da shekaru Noeline tana jibge ta a bayan juji. Ta tambayi jami'in ko tulin na da mai shi. Ya ce shara ce, kowa ya ga dama ya ɗiba. Sai ta samo ragar tsohon gadon ƙarfe ta jingina da shinge, ta mai da ita rariya. In ta tashi daga aiki da yamma, can za ka same ta da shebur, tana jefa shara a raga, laka na zubewa, tsakuwa na gangarowa gabanta. Ta roƙi tsofaffin gangunan ƙarfe a gareji, ta yanke kawunansu, ta dasa ɗaya a kowace kwana ta Hanyar Tudu, ta cika, ta rufe da kwano.

Tun daga nan safiyarta ta zama biyu. In ta gama zagayen hukuma sai ta ajiye tifa, ta ɗaura sarƙar hana santsi a tayoyin a-kori-kurarta, ta kama tudu. A kowace kwana ta tsaya, ta sauko, ta watsa da hannu, ta hau, ta sake tsayawa. Nas ɗin ta gaya mini cewa ba ta cika haɗuwa da ita ba. Sawun takalmi kawai take gani a bakin kowace ganga.

Ba za a ce mutanen gari ba su so taimakawa ba. Clarrie Booth, mai kiwon tumaki a gindin tudun, ya ji labari ya ji kunya. Wata Lahadi ya sauka bakin kogi da tarakta, ya ɗebo tsakuwa tirela guda, ya shimfiɗa ta a kwanar farko da ta biyu daga ƙasa, bai gaya wa kowa ba. Tsakuwar kogi kuwa ruwa ya goge ta, ta zama mulmulalliya. Wadda inji ya fasa ita ke da kaifin kama ƙanƙara, ta kogi mirgina take yi. Washegari motar Noeline ta juya da ita a kwanar farko, ta tafi a karkace har ta jingina da shingen Clarrie ɗin.

Ya fito da gudu cikin rigar barci da takalmin roba. Ta buɗe ƙofa a hankali, ta tsuguna, ta ɗebi tsakuwar a tafin hannu ta daɗe tana kallo.

"Clarrie, wa ya yi maka laifi a tudun nan? Ni ko nas?"

Ya fara rantse-rantse cewa alheri ya nufa.

"Na sani, sarkin alheri. Je ka ɗauko tsintsiya. Ka sa wando tukuna, tumakinka na kallo."

Su biyu suka share ta tas kafin nas ta iso. Har yau in Clarrie ya shiga kanti sai wani ya tambaye shi nawa yake sayar da tirela.

A sanyin bara ne kafaɗarta ta dama ta fara. Da farko ta ce kwanciya ce ta yi ba daidai ba. Zuwa Yuli ta koma jefa shebur da hagu, tana watsa rabin abin da ta saba, tana ninka sauka da hawa. Baba Alick kan jira ta a ƙofar shingensa da gasasshen burodi mai cuku a naɗe cikin tawul. Wata safiya ya ga yadda ta riƙe hannun, ya ce mata ta bari haka, shi zai kira Heather da kansa, ba zai yarda wata ta nakasa saboda su ba. Ta karɓi burodin ta ci a tsaye, ta tambaye shi ko Beryl ta yi barci. Ya ce ta yi, har ta tashi ta dafa ruwan shayi da kanta.

"To ka gani. Koma ciki, Baba, kafin kai ma in watsa maka."

Ba zan ce ba ta taɓa gunaguni ba, don za ta karanta wannan ta ce na yi ƙarya. Takan yi, sosai ma. Takan zagi ƙanƙara, ta zagi tarakta, ta ce wannan ne sanyinta na ƙarshe ko duniya za ta tashi. An sha ganinta da rana tsaka tana gyangyaɗi a cikin tifa a bayan ɗakin taro, hula a kan fuska.

Noeline, ke ce mai riga rana hawa tudu. Ke ce kika tankaɗe shara da ragar gado har ta zama hanya. Ba wanda ya sa ki, ba wanda zai tuhume ki da kin bari. Sanyi biyu cur nas ba ta fasa hawa ko sau ɗaya ba, kuma Beryl tana nan a ɗakin girkinta, mijinta na zaune kusa da ita.

A ƙarshen watan jiya ta ajiye aiki. Likita ya ce sai an yi wa kafaɗar tiyata, kuma ko an yi ta gama da shebur. Hukuma ta ce ba za a ɗauki wani a madadinta ba, ɗan kwangila zai riƙa zuwa daga gari ya yi babban titi da hanyar makaranta. A walimar sallamarta an yi shayi da kek, an ba ta bargo. Da aka ce ta yi jawabi, ta miƙe, hannu a rataye, ta ce ita ba ta iya jawabi ba, ganguna dai suna nan a cike, wa zai ɗauki wacce?

Aka shiga kallon juna. Kowa na da shanu ko tumaki ko yara da safe, kowa a gajiye yake, wannan ba ƙarya ba ne. Can Clarrie ya ɗaga hannu ya ce kwanar farko da ta biyu nasa ne. Mai gareji da matarsa suka ɗauki na tsakiya. Heather, da ta zo musamman, ta dubi mahaifinta ta ce sharaɗinta na nan yadda yake, amma ba za ta zo da mota ba sai an ba ta dalili. Baba Alick ya sunkuyar da kai, ya daɗe yana juya cokali a kofin da ba komai a ciki.

Mun gode, Noeline. Allah ya ba kafaɗar nan lafiya, ya hutar da ke. Abin da kika yi ba shi da wuyar ganewa, nauyi ne da shi, kuma ke kaɗai muka bari da shi.

Ku kuma da kuke karanta wannan, kwanar sama, mai gangara zuwa kwari, har yanzu ba ta da mai ita. Ba a neman gwani. Shebur ne, da sarƙar taya, da tashi da wuri ranar da ƙasa ta daskare. Mayu ya kusa, kuma ranar farko da ba wanda ya tsaya a gangar nan, a ranar za a raba Alick da Beryl.