Karatun Maman Biyu Yana Bakin Titi

Shekara goma sha shida Maman Biyu ta yi tana goge daɓen ɗakin mata a asibiti. Ta san gadon da ƙafarsa ke rawa, ta san famfon da sai an mare shi yake kawo ruwa. Burinta a duniya bai wuce ta ajiye bokiti ta zama mataimakiyar nas ba. Asibitin yana da ajin yamma don ma'aikata irinta, da jarrabawa a ƙarshen shekara, kuma sau uku kacal ake ba mutum dama. Ta zauna sau biyu, ta sha ƙasa sau biyu.

Ba lalaci ba ne. Da ta buɗe littafi sai haruffa su kama yawo kamar tururuwa, kafin ta kai ƙasan shafi ta manta samansa. Har ta fara yarda cewa kanta ne ya tsufa.

Ana cikin haka aka auna ta, aka ce jininta ya hau. Likita ya ce ta riƙa tafiya da sauri kowace asuba, minti arba'in.

"Likita, ni da nake wuni a tsaye?"

"Wannan wahala ce, Mama. Motsa jiki daban."

Ba ta ga bambancin ba, amma wa ke wasa da rai? Ta ari takalmin ƙwallon ɗaya daga cikin tagwayenta ta fara fita. Don kada lokacin ya tafi a banza, sai ta riƙa kwafe darasi a 'yan takardu, tana tafe tana leƙawa a hasken fitilun titi, tana maimaitawa tana haki.

Bayan wata guda, Malamar aji ta tambayi ɗakunan zuciya da aikin kowanne. Maman Biyu ba ta ankara ba sai ga tankin ruwan unguwarsu a idonta, nan ne inda ta karanta darasin, sai ta ji bakinta yana zubo amsa tiryan-tiryan. Malama ta cire tabarau ta dube ta. Ita kanta sai da ta waiwaya, ko wata ce ta yi maganar a bayanta.

Daga nan fa abin ya ɗaure mata kai. Ƙasusuwa suna kan gada. Huhu yana ƙofar gidan burodi, inda hayaƙi ke sa ta tari. Jijiyoyin jini suna bin doguwar katangar makarantar firamare. Makinta ya yi ta hawa, kuma ita da a da sai an ja ta zuwa aji, yanzu ita ke share allo kafin kowa ya zo. Ta tambayi mijinta, wanda tela ne, ko ya taɓa jin karatu ya shiga ta ƙafa.

"Ni dai nawa ta bulala ya shiga," in ji shi, "ta nan kuma ya fita."

Saura mako uku jarrabawa, yayarta ta zo kwana biyu, ta gan ta ta dawo sharkaf da gumi.

"Ke yanzu don Allah wace irin ɗaliba ce? Jarrabawa na bakin ƙofa, kina zagaye gari da takalmin yara? Mai neman abu zama yake ya nutsu."

"Yaya, a hanyar nake karatun."

"A hanya? To mu da muka yi a kan kujera mahaukata ne?"

Tela ya ɗauki allin ɗinki ya buga lissafi: minti arba'in sau kwana ashirin da ɗaya, awa goma sha huɗu cur. Da kyakkyawar niyya ya kwashe yadudduka daga teburin yankansa, ya sa mata kujera har da matashi. Maman Biyu ta duba maganar ta ko'ina, ba ta ga inda ta karkace ba. Ta mayar wa yaro takalminsa.

Babi biyu suka rage mata, ƙoda da hanta. Kowace asuba tana kan tebur, tana gyangyaɗi a kan zanen ƙoda. Jikinta ya yi nauyi, ranta ya yi ta ɓaci ba dalili, ajin ma ya fita daga ranta. Da ta ga ba ya shiga, sai ta ce zaman ne bai isa ba, ta ƙara awa guda.

Ranar jarrabawa, tana zaune gaban takarda, ta rufe ido ta fita daga gida a zuci. Ta hau gada ta kwaso ƙasusuwa, ta tsaya a tanki, ta bi katanga, alƙalami na gudu. Sau biyu mai tsaron jarrabawa yana cewa, "Mama, a daina jan ƙafa, ana damun mutane." Sai ta juya shafi: tambayar ƙarshe, mai maki ashirin, a kan ƙoda. Ta bi titin nan daga farko har ƙarshe, ta dawo, ta sake bi. Babu ƙoda ko'ina. Abin da ta gani kawai tebur ne da almakashi.

Maki uku suka hana ta.

Yaya ta ce da ta fara zama tun da wuri da ba haka ba. Malama ta ce ba ta taɓa ganin takarda mai kai lafiya da gurguwar ƙafa irin wannan ba. Tela ya mayar da yadudduka kan tebur a hankali kamar mai neman gafara. Ita kuwa ta yi kuka ta gode Allah, har yau kuma ba ta san wa za ta ga laifinsa ba, Yaya, ko tebur, ko kan nata.

Ran Litinin tana goge tsakanin gadaje, babban likita ya shigo zagaye da ɗalibansa su shida. Ya tsaya kan wata tsohuwa, ya tambaye su ta wane ɗaki jini ke barin zuciya ya tafi huhu. Kowa ya kama kallon takalminsa. Amsar ta taso wa Maman Biyu har kan harshe, cikakkiya, da sunanta da komai. Ta damƙe sandar gugar da hannu biyu.

Likita ya juyo ya gan ta tsaye, baki a buɗe.

"Yauwa, Mama," ya ce, "ɗan janye bokitin nan mu wuce."