Famfon da Ya Yi Shiru a Hanyar Bawku

Duk ranar da warin fetur ya haɗu da na jiƙaƙƙiyar jan ƙasa a hancina, sai gabana ya faɗi. Kada ka yi min dariya. Shekarata goma sha ɗaya lokacin, kuma har yau abin bai sake ni ba.

A Salaga muke. Baba mai wayar mota ne, ko makanike ya gyara inji, in wuta ta ƙi sai a aiko masa. Da kunne yake aiki. Zai ce a murɗa makulli, ya karkata kai, ya faɗi ciwon kafin ya taɓa komai. Yana da tsohuwar akori-kura da yake ɗaukar doya, famfon manta na lantarki ne, yana ƙarƙashin bodi kusa da tanki. Da an murɗa makulli sai ya yi kat-kat-kat, yana tura fetur gaba. Mu yara a baya muke zama, daidai kansa, don haka na san ƙararsa kamar tarin kakata.

Abin da garin bai sani ba, kunnen Baba ya fara nauyi. Mma, mahaifiyata, ta sani. Ta koyi tsayawa gabansa in za ta yi magana, ba ta taɓa furta abin ba.

Ƙarshen damina wani direba ya kawo saƙo daga Bawku: mahaifin Mma yana kwance, jiki ya yi tsanani, ita yake ta kira. Shekara huɗu rabonta da shi. Muka tashi bayan asuba, Mma a gaba da goyo, ni a baya da buhun doya na gaisuwa. Hanya duk taɓo. Mun wuce Yendi kaɗan, da hantsi, motar ta yi tari biyu ta mutu a bakin wani ƙauye.

Kafin ka ce me, maza sun taru. Wani ya gane Baba, ya shiga gaya wa sauran cewa wannan mutumin da kunne yake gyara mota. Baba ya murɗa makulli, ya karkata kai kamar kullum, ya ce, "Famfo lafiya lau. Wuta ce ba ta zuwa fulogi."

Wallahi famfon bai yi ko ƙwas ba. Ina zaune a kansa.

To, ni 'yar fari ce. Baba ba ya kiran sunana, ba ya kallona ido da ido, in yana son ruwa sai ya ce wa iska a kawo ruwa. Ta ina zan buɗe baki gaban maza in ce ya yi kuskure? Na sauko na raɓa ta tagar Mma, na raɗa mata cewa famfon bai yi ƙara ba. Ta daɗe tana kallona. Sannan ta dubi mazan da suka kewaye shi, ta ce, "Na ji. Koma ki zauna."

Na koma ina cin rai. Baba ya ciro fulogi ɗaya bayan ɗaya ya goge, ya duba kwayil, ya kankare kan batir, aka tura motar har sau uku, mutane suna nishi cikin taɓo. Gumi ya jiƙa masa riga. Mma tana jan carbi, hawaye na zuba kan goyo, ba ta motsa ba. Ni dai haushinta nake ji, da haushinsa, da na kaina.

Sai da aka kira azahar, mazan suka tafi alwala, sannan ta fito. Ta tsaya gabansa yadda ta saba, ta ce, "Malam, ko za ka ɗora hannu kan famfon?"

Bai tambaye ta dalili ba. Ya shiga ƙarƙashin motar, ya sa ta murɗa makulli, ya dafa famfon. Shiru. Ya fito ya duba fis, lafiyarsa ƙalau. Ya ɗauko ƙwan fitilarsa na gwaji mai waya biyu ya koma. Wuta na isa famfo, ƙwan ya kama. Ashe ɗaya wayar famfon ce, wadda ake ɗaurewa jikin ƙarfen mota, taɓo da tsatsa sun cinye bakinta. Ya kankare da wuƙa ya ɗaure. Aikin bai kai tafasa ruwan shayi ba. Kat-kat-kat ya tashi ƙarƙashin ƙafata, Baba kuma yana kwance a ƙasa, tafin hannunsa kan famfon, bai fito da wuri ba.

Muka sake kama hanya.

Mun isa Bawku gab da magariba, muka tarar an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Tsohon ya cika bayan la'asar. Kawuna, yayan Mma, ya tare mu idonsa jajur, ya ce har ƙarshe yana tambaya ko ta iso. Ya juya ga Baba, ya ce, "Me ya tsayar da ku?"

Baba ya buɗe baki, Mma ta riga shi. Ta ce, "Hanya ce ta ɓaci, Yaya." Ta shige ciki.

Baba bai ƙara karkata kai gaban mota ba. Ya koma gwaji da ƙwai da tafin hannu kamar ɗan koyo, a hankali kuma masu aiko masa suka ragu. Yau na'ura ake jona wa mota ta faɗi ciwonta, da a yau ne kuma, da Mma ta yi sallama da mahaifinta ta wayar salula ko daga bakin ƙauyen nan. Na yi shekaru ina ganin laifinta, sai da na yi aure na fara sassauta mata. Na sha niyyar tambayarta ko awa ukun nan sun taɓa hana ta barci, kunya ta hana ni. Bara muka kai ta makwancinta, ban tambaya ba.