Kaucin Gawo

Ina aji ukku na kwaleji a Yamai na ga hoton tsohon nan cikin littafin tarihin Faransa. Farin gemu, farar riga har ƙasa, yana bisa icce da lauje, mutum biyu a ƙasa sun ware farin ƙyalle suna tarar abin da yake yankowa. Malamin tarihi, wanda muke ce wa Mushe, ya ce waɗannan su ne bokayen kakannin Faransawa, ana ce musu duruwid, kuma abin da suke yanka wani tsiro ne mai fita a jikin icce, ba shi da saiwa a ƙasa. Na ɗaga hannu na ce ai kauci ne, kakata ma tana yankan shi. Aji ya kwashe da dariya. Mushe ya ce in zauna, ba tarihin ƙasarmu ta Adar muke karantawa ba.

Na zauna, amma abin ya tsaya mini a rai. Shekara biyu ko ukku ke nan da samun ƴancin kai, ga ni ina hardace bokayen wasu don a ba ni maki, tawa bokanyar tana can wani ƙauye gefen Kalfu, ban taɓa tambayar ta komi ba.

Da aka yi babban hutu, bayan na kwana biyu a gidanmu a Tawa, na ce wa Baba za ni wurin Kaka in koyi abin da ta sani. Ya dube ni ta saman tabarau.

"Uwata ce, ba ni hana ki. Amma ki tahi da sallarki ki komo da ita."

Kaka tana salla, tana azumi, amma ta riƙe abin da iyayenta azna suka bar mata. Ta san iccen da ake gaisarwa, ta san dutsen da ake zuba wa gumba kafin shuka, kuma kallo ɗaya take yi ta rabe wanda iska ya taɓa da wanda yunwa ce kawai ke damun shi. Na iso mata da sabon kaye, wato littafin rubutu, na ja layuka da regili: sunan iska, mazauninsa, abin da yake ci. Tun ban ajiye jaka ba na fara tambaya.

"Madamu," in ji ta, don haka take kira na, "gwamnati ta aiko ki ƙidayar aljannu?"

Kwana ukku ba ta amsa mini ko ɗaya ba. Daka, ɗaukar ruwa, tsinkar tafasa. Rana ta huɗu na ce mata hutu yana ƙarewa, in ba za ta koya mini ba ta faɗa in san inda na nufa.

"To. Gobe ki tahi gawon bakin fadama ki yanko min kauci. Ki yi ma iccen sallama, ki zuba mai hatsi. Kar kaucin shi taɓa ƙasa. Daga hitarki ɗakin ga har ki sa min shi ga hannu, icce ɗai za ki yi ma magana, ban da ɗan Adam. In kin iya, in koya miki. In kin kasa, ki koma ga takardunki. Sau guda nika gwada mutum. Kuma ki hita tun mutane ba su tashi ba."

Na ce wannan ne gwajin? Ta miƙo mini farin zane da gora mai ƙugiya.

Na makara. A lakkwal, makarantarmu ta kwana, ƙararrawa ke tashin mu, ƙauye kuwa babu ita, Kaka ma ba ta ga dalilin taɓa ni ba. Na buɗe ido rana ta fito, gari duka yana hanyar gona. Na lallaɓa ta bayan gidaje, na bi cikin gero har fadama, ba wanda ya gan ni.

Gawo da damina tsirara yake, ba ganye ko ɗaya, don haka kaucin yana can sama kore shar, da jajayen furanni kamar tsinken ashana. Na waiwaya hagu da dama, sannan na yi wa icce sallama. Bai amsa ba, na gode Allah. Na zuba hatsi, na shimfiɗa zane, na shiga fama da ƙugiya. Busassun ƙayoyi suka yi ta zubo mini a ka, reshe ya yakushe ni a kunci, kallabina ya maƙale sama ya ƙi saukowa. Amma kaucin ya faɗo tsakiyar zane. Na ƙulle, na ɗora a ka, na ce ashe tsafin bai kai lissafi wuya ba.

Wannan jin kan ne ya sa na biyo babbar hanya, don ta fi kusa. Ban yi nisa ba sai ga Gwaggo, yayar Baba, da mata huɗu ɗauke da furar manoma. Na durƙusa har ƙasa, hannu ɗaya dafe da ƙulli. Ta tsaya tana jiran gaisuwa.

"Ke, ɗiyar ƙanena, bakin fa? Ko lakkwal ta hana?"

Na yi murmushi.

"Haƙora niy roƙa? Ina kwana!"

Na ƙara murmushi. Nan ta dube ni da kyau: ba kallabi, kai duk ƙaya, jini a kunci.

"Daga ina kike?"

Na nuna mata gawo da yatsa. Da na sani da na nuna sama.

"Innalillahi! Gawon fadama! Ita ɗai!"

Da a ce Kaka ce suka gani shiru da farin ƙulli a ka, kaucewa za su yi, don kowa ya san ba a tanka wa mai ɗauko magani. Amma ƴar lakkwal mai rigar nasara da takalmi, wadda jiya ta gama yi musu bayani a bakin rijiya kan tafasa ruwan sha, ba wadda ta kawo a ranta an aike ta aikin azna. Na duƙa na rubuta a ƙasa da yatsa cewa Kaka ce ta aike ni. Ba mai karatun boko cikinsu. Suka ja da baya.

"Tana zane! Rubutun iskoki ne!"

Aka ajiye fura a hanya, manoma su ji da kansu. Biyu suka riƙe ni ta hammata, aka nufi gari. Gwaggo tana gaba tana ciniki da iskan da ke kaina.

"Wane ne kai? Mi kaka so? Zakara? Baƙar akuya? Ka faɗi, ubanta ma'aikaci ne!"

Wata ta ce iskan ƴan lakkwal ba ya jin Hausa. Mijinta tsohon soja ne, sai ta matso kunnena ta ƙwala da Faransancin bariki: "Bonzur! Gardabu!" Na ciji leɓe har na ji gishiri. Na ce a raina ku yi ta yi, ai wurin Kaka za ku kai ni, can ɗin nake so.

Muka iso ƙofar gida, rabin gari na biye. Ga Kaka zaune bisa tabarma tana kaɗi, taku goma tsakaninmu. Na kafa mata ido ina roƙo. Kalma ɗaya daga bakinta ta isa.

"Af," ta ce, mazari bai ko tsaya ba, "mi ya samu Madamu?"

Gwaggo ta ce ba za a shigar da ni gida da abin a kaina ba, sai an yi hayaƙi. Aka kawo kasko da garwashi, ta watsa busasshen barkono, aka lulluɓe ni da bargo. Na rungume ƙullina. Na yi tari, na yi atishawa, hawaye da majina suka haɗu, amma na ce tari ba magana ba ne. Cikin bargon na riƙa jan gindi, kaɗan-kaɗan, wajen tabarma. Da aka yaye saura taku ukku.

"Mai taurin kai ne," in ji Gwaggo. "Ta gashi ya shiga, ku dubi ƙayar. A kawo aska."

Shekara biyu ina tattalin gashin nan. Duk ajinmu ba mai irin shi. Na ji sanyin ruwa a ƙeya, na ji yatsun Gwaggo suna neman wurin farawa.

"Gwaggo, wallahi kika taɓa min gashi sai na kai ki jandarmari!"

Guɗa ta tashi. "Ta yi magana! Barkono ya yi!" Gwaggo ta rungume ni tana kuka, ba ta ma ji abin da na ce ba.

Duk da haka na taka ukkun nan na sa wa Kaka ƙulli a hannu. Ta kwance, ta juya kaucin, ta shinshina.

"Yankan ya yi kyau. Bai taɓa ƙasa ba."

Sannan ta wurga shi bayan danga, wurin awaki.

Da mutane suka watse na ce mata wannan zalunci ne, tilasta ni aka yi, kuma tana kallo.

"Ni ma ranar da uwata ta aike ni, kunama ta harbe ni ga hanya."

"Kika yi yaya?"

"Kuwwa mana. Har Bambeye an ji ni."

"To ai kin kasa ke nan! Amma an koya miki!"

"Uwata mai haƙuri ce, sau biyar ta aike ni. Ni ba ni da shi. Ke ina kike tsammani kika samo naki halin?"

Na roƙe ta wannan hutun, na roƙe ta na gaba, ba ta sake ba. Gwaggo ce ta ci riba, don kafin a yi girbi an kawo mata mutum biyu ta turara musu barkono. Kakata ta rasu ina shekarar farko ta koyarwa, ta tafi da iccenta da duwatsunta. Gashin kuwa, wata biyu da komawa Yamai kwarkwata ta ɓarke a ɗakin kwananmu, aka jera mu a tsakar fili aka yi mana ƙwal, mu duka.