Malam Cokali da Lambun Kawu

Ƙarfe bakwai na safe babur ɗinsa ke fara tari. Sai an tura shi har bakin titi kafin ya yarda ya tashi. A aljihun mai babur ɗin akwai cokalin shayi, ƙaramin kofi, da wasu siraran takardu masu canza launi. Shekara talatin da ɗaya ke nan malamin gonarmu yana bin lambuna da wannan kaya, har sunansa na yanka ya ɓace, kowa Malam Cokali yake ce masa. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki.

Babban shaidarsa kawuna ne. Lambun Kawu gado ne, kuma shekara uku a jere kabeji ya ƙi naɗewa, latas ya yi rawaya, tumatir ya tsaya cak kamar an daka masa tsawa. 'Yan'uwa suka zauna suka yanke hukunci: in bana ma bai yi ba, za a sayar wa mai buga bulo. Mai bulon har ya zo ya auna filin da ƙafa.

Kawu ya jibga takin zamani. Ya ƙara jibgawa. Da abin ya ci tura, ya daina gaisawa da maƙwabcinsa, wai shi ne mai baƙin ido.

Rannan Malam ya iso. Ya tsuguna, ya ɗebi ƙasa da cokali, ya dama a kofi, ya tsoma takarda. Takarda ta yi ja.

Kawu ya yi tsalle baya. "Jini! Ban faɗa ba? An binne mini wani abu!"

"Kwantar da hankalinka, Kawu. Ƙasarka ce ta yi tsami, kuma takin nan da kake jibgawa ƙara mata yake."

"To ina abincin da na zuba mata ya tafi?"

"Yana nan. Tsami ya kulle shi, saiwa ba ta iya ɗauka. Kamar ka cika ɗaki da hatsi ne, ka danna kwaɗo, ka dawo kana yi wa iyali faɗa don sun rame."

Ya ce a sa toka, gwangwani biyu a kowane fangali, a gauraya, a yi ban ruwa, a jira kafin dashe. Sau uku yana maimaita "biyu".

Babur na juya baya Kawu ya yi lissafinsa: in biyu magani ne, ai ashirin waraka ce. Ya garzaya gidan burodi da baro don kwaso toka. Matarsa ta ce da ya dawo fari fat tun daga hula har takalmi, sai da ta tambaye shi wa yake nema.

Allah ya taimaka, fangali uku kawai ya binne kafin bayansa ya riƙe. Da Malam ya dawo ya tsoma takarda a can, sai ta yi shuɗi.

"Kawu, ka kori tsami ka gayyato kishiyar matsalarsa. Abincin na kulle har yanzu, kwaɗon kawai ka canza."

Malam, kai ne ba ka yi dariya ba sai da ka juya baya. Kai ne ka tuɓe takalmi, ka karɓi shebur, ka kwana uku kana zuwa kwashe toka da mutumin da ya ƙi jin maganarka. Sauran fangalin kai ka auna musu da hannunka, don ka ce ba ka ƙara yarda da gwangwani a hannun Kawu. Likitan da majinyacinsa ba ya magana!

Kabeji ya naɗe har sai an rungume shi. 'Yan'uwa suka zo, suka zagaya, suka janye maganar sayarwa ba tare da an roƙe su ba. Mai bulo ya dawo awo, ya tafi da kabeji biyu a hammata. Kawu ya kai wa maƙwabcinsa latas, ya gaishe shi gaisuwar shekara guda a tsaye.

Mun gode, Malam. Allah ya ba ka hutu mai daɗi, ya ba babur ɗinka lafiya. Ku matasan malaman gona, ku fito daga ofis, ku tsuguna, ku tambayi ƙasa abin da ke damunta kafin ku rubuta mata magani.

Jiya Kawu ya kai masa kyautar sallama a naɗe cikin takarda. Malam ya buɗe: ƙaton ludayi.

"Na ga cokalin nan ya yi maka kaɗan," in ji Kawu.

Malam ya kalli ludayin, ya kalli Kawu, sannan ya ce, "Ashe da sauran aiki."