Madubin Hajiya Suwaiba

A duk ƙasar Rano da Kibiya ba a taɓa yin gwanin ɗaukar hoton tufafin mata kamar Malam Dalhatu Mai Hoto ba. Haka aka rubuta a allon shagonsa da ke bakin tasha, kuma babu dalilin musantawa, tunda shi ya gaya wa mai fenti abin da zai rubuta.

Gaskiya dai mutumin ya san fim ɗin kyamara. Yana da iri biyu a cikin wata kula da yake ajiyewa kusa da randa don kada zafi ya ɓata su: mai rawayan kwali da mai koren kwali. Mai rawaya, in ji shi, yana mutunta fatar mutum, yana fito da ruwan goro da makuba yadda marini ya bar su. Mai kore kuwa na shuɗi ne da ganye. In aka kawo masa aiki, ba ya tambayar sunan mai hoton, launin zanenta yake tambaya. Ya taɓa hana wata amarya daga Nariya ɗaukar hoto har kwana uku, don mai rawayan ya ƙare, ita kuma leshinta ja ne.

Sunansa ya fito ne a shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a. Mata suka rage zuwa shagon, kuma a daidai lokacin Hajiya Suwaiba, telar da ta fi kowa ciniki a Kibiya, ta aiko tana son albam na ɗinkunanta a jikin masu su, yadda duk mai son ɗinki za ta buɗe ta nuna. Matan na cikin gida, shi kuwa Dalhatu iyakarsa zaure.

Sai ya yi dabara. Ya zaɓi fim, ya ɗura a kyamara, ya miƙa wa matarsa Fanta.

"Ki tsayar da su a inuwa, kada ki bari rana ta doki shadda. Taku biyar za ki ja da baya."

"Takunka ko nawa, Malam?"

"Naki, amma ki buɗa ƙafa."

Ta rufe kyamarar da hijabi ta shiga gidan Hajiya. Shi kuma ya zauna a zaure yana shan furar da aka fito masa da ita, yana ji a ransa aiki ya yi nauyi.

Da aka wanko hotunan a Kano, albam ɗin ya zaga gari har bangonsa ya tsufa. Daga Rurum ake hawo babur a zo a nuna shafi na kaza. Shekara tara ana haka, kowace Sallah da sabon albam, kowane hoto da hatimin Dalhatu a bayansa. A majalisar da yake zama bayan la'asar, ƙofar shagon abokinsa Ramalan mai faci, in an yabi hotunan sai ya gyara hula ya ce, "Ido ne, Allah ke bayarwa." Bai taɓa cewa shi ya ɗauka ba. Bai kuma taɓa cewa ba shi ba ne, kuma wannan shirun ya fi komai daraja a wurinsa, har da kular.

Da wayoyi masu hoto suka yawaita, Hajiya ta ce a mayar da tsofaffin hotunan cikin kwamfuta, ta riƙa tura wa mata. Dalhatu ya kwashi nagatif, wato fim ɗin da aka riga aka wanke, cike da jaka ya kai wa wani mai sikanin a Kano, ya tsaya a kansa don kada ya ɓata makuba.

Launi ya fito lafiya. Amma masu wankin hoto sun saba yanke gefensa, injin nan kuwa ba ya yanke komai. A gefen dama na hoton farko sai ga madubin sif ɗin Hajiya, a cikin madubin kuma ga Fanta, ta tura hijabi baya, ta durƙusa a gwiwa ɗaya, kyamara a ido, harshe a waje kaɗan. Na biyu ma haka. A wani har kan turmi ta hau, abin da bai taɓa koya mata ba.

"A yanke gefen?" in ji mai sikanin.

Dalhatu ya daɗe yana kallo. Tsayuwar tata ta yi kyau, hasken ma daidai. Kuma in aka yanke, hannun riga zai tafi.

"Bar shi," ya ce.

Ya shiga mota ya kama hanyar Rano. Ya tsara jawabin da zai yi, ya sa masa gabatarwa, ya tanadi wurin da zai yi shiru don mutane su farfaɗo. Bayan la'asar ya isa majalisa, ya yi gyaran murya.

"Jama'a, akwai maganar da na riƙe shekara tara. Hotunan nan, ni dai fim nake zaɓa. Mai ɗakina ce ke ɗauka."

Ramalan bai ɗago daga tayar da yake dannawa cikin ruwa ba.

"To, da mun zaci ta katanga kake leƙawa? Miƙo min gam ɗin nan."

Aka yi dariya, aka koma maganar taki. Da ya isa gida ya ba Fanta labari, ya ƙara da cewa yana tunanin sa sunanta a allo, da ƙananan baƙaƙe. Ta ce ya bar allonsa, ya dai sayo mai koren kwali biyu, bana shuɗi ake yayi.

Matan da suka tsaya a gaban Fanta a shekarun nan sun haura ɗari huɗu, kuma kowacce tana da mijin da take ba labari.